Ƙwallon da na Ɓarar

A zangon karatun da ya wuce aka yi wasan ƙarshe na gasar tamaula tsakanin gidajen kwanan makarantarmu, ni ne kuwa ɗan gaban gidanmu. Saura minti biyu a tashi, ana ɗaya da ɗaya, sai ƙwallo ta zo mini. Gola ya riga ya faɗi, daga ni sai raga. Na ɗaga ƙafa na sheƙa, sai ga ta ta tashi sama ta faɗa bayan kicin. Aka je bugun fenariti aka cinye mu. Tun daga ranar aka laƙaba mini suna "Harbi Sama", har 'yan aji ɗaya in na wuce sai su sunkuyar da kai suna murmushi. Na ƙudurta a raina ni da fili har abada.

Da aka yi hutu na koma gida Haɗeja. Babanmu manomin shinkafa ne a fadama, ba ruwansa da tamaula, amma ya lura yamma na yi ina zaune a zaure alhali abokaina suna fili. Da na gaya masa dalili sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka manta shekarar 2020? Kogi ya cika ya shanye mana shinkafa ana gab da yanka. Ka ga na sayar da gonar? Ruwa na janyewa na shuka alkama."

Wannan magana ta tuna mini da Ahmed Musa, gwanin da nake kwaikwayo tun ina ƙarami. An haife shi a Jos a 1992. Yana saurayi ya zo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar Nijeriya. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan, a 2012 kuma ya koma CSKA Moscow ta Rasha, ya ɗauki kofin ƙasar sau uku. A gasar cin kofin duniya ta 2014 ya zura wa Ajantina biyu.

To, amma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi da kuɗi masu yawa, sai ga shi ƙwallo biyu rak ya ci a gasar Firimiya. Ya daɗe yana zaman benci, har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. Masu baki suka ce tasa ta ƙare.

Ran Jumma'a 22 ga Yuni, 2018, bayan la'asar, yayana ya riƙe hannuna zuwa gidan kallon unguwarmu. Nijeriya ce ke karawa da Aisilan a birnin Volgograd. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ana dawowa Musa ya tare wata ƙwallo a sama, ya ɗirka ta a raga. Can kuma ya tsere da gudu, ya yanke gola, ya ƙara ta biyu. Benci ya karye a ƙarƙashinmu, babu wanda ya kula! Wanda aka ce ya ƙare, shi ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a gasar kofin duniya biyu. Ko da ya rasa kulob bayan barinsa Al-Nassr ta Saudiyya, bai ji kunyar dawowa Kano Pillars a 2021 ba.

Na zauna na yi tunani. Shi a gaban duniya ya sha kunya, ni a gaban ɗalibai kawai. Da muka dawo makaranta na je wurin malamin wasanni na ce, "Malam, a mai da ni." Yanzu kullum bayan an tashi nakan tsaya in buga ashirin a raga, ina koyon kwantar da ƙafa.

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya faɗi jarrabawa ko ya ɓarar da ƙwallo, ya dubi Kogin Haɗeja: da rani yakan janye, da damina ya dawo. Har yau ana kirana Harbi Sama, ina kuma amsawa. Mu haɗu a gasar bana.