Ciwon Kafaɗa da Nauyin Zuciya

Ni tela ne a Kakuri, kuma da hannun dama nake cin abinci: da shi nake awo, nake yanka, nake guga. Da na faɗo daga babur a titin Kachia na dafe ƙasa da shi, hoton asibiti ya nuna ƙashi bai karye ba, jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗa ne suka ji rauni. Kowa ya ce in gode Allah, na kuma gode. Amma watanni suka shuɗe ban iya ɗaga hannu in yi kabbara yadda na saba ba, riga sai maiɗakina ta taya ni sawa, kwanciya ta ɓangaren dama kuwa ta gagara.

Abin da na lura shi ne zafin ba ya tafiya daidai da aikin da na yi. Ranar da abokai suka cika shago ana hira, sai in manta da shi. Daren da na kwanta ina lissafin kuɗin haya da na makarantar yara, ga ɗinkin Sallah da na Kirsimeti na ta wucewa zuwa wasu shaguna, sai kafaɗar ta kama zugi har asuba. Mu 'yan Kakuri mun ga yadda iyayenmu suka koma bayan da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002. Magidanta masu ƙarfi suka zauna a dakali ba aiki, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Tsoron in koma haka shi ne ke kwana da ni.

Mutane kuwa kowa da fassararsa. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce sanyi ne. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne mai cewa, "Kai ma da raki kake, ba an ce babu karaya ba?"

Likitar gashin ƙashi ce ta fara tambayata abin da babu wanda ya tambaya. Ta ce, "Malam, kana samun barci? Me ke damunka ban da hannun?" Sannan ta yi mini bayani cewa saƙon rauni yana bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa na iya ƙara masa ƙarfi ko ta rage, kamar mai murɗa muryar rediyo. Tun 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo wannan fahimta. Fargaba da baƙin ciki da rashin barci duk suna ƙara zafin. Mai tsoron motsa hannu kuma yakan ƙanƙame shi a jiki, gaɓar ta daɗa sandarewa, zafin ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Ta ce akwai dattawa da yawa da hoto zai nuna jijiyar kafaɗarsu ta yage, amma ba sa jin komai, don haka hoto kaɗai ba ya auna wahalar mutum.

Wannan magana ta sauke mini nauyi. Ciwona gaskiya ne, damuwata ma gaskiya ce, kuma kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Na riƙa motsa hannun kaɗan-kaɗan, ina tafiya da yatsu a jikin bango zuwa sama. Na zaunar da maiɗakina na faɗa mata halin da aljihuna ke ciki, muka raba tunanin. Yaran shago suka karɓi yanka da guga, ni na riƙe awo da duba aiki. Da barci ya dawo, zugin dare ya ragu tun kafin hannun ya gama miƙewa.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan kusa da mu a Barnawa, amma da yawanmu muna gudun a gan mu a ƙofarsa, alhali ana duba masu damuwa da rashin barci a can. Neman irin wannan taimako ba raunin imani ba ne. Idan kana jinyar mai ciwon kafaɗa, kada ka tsaya a "yaya jiki?" Tambaye shi yadda yake kwana da abin da yake tsoro, ka kuma saurari amsar har ƙarshe.