Baƙar Waya Kafin Ja

Bayan sallar azahar, cikin zafin watan Afrilu, wasu samari biyu suka turo wani ƙaton babur zuwa rumfar wani tsohon bakanike da ke bakin babbar hanya a Maraɗi. Mai babur yana biye da su, hular kwano a hannu. Tun jiya ya baro Yamai, ya kwana a Birnin Ƙonni, ya ci kilomita sama da 600, saura masa sama da 200 ya isa Damagaram, inda za a yi sunan ɗan ƙanensa da safe. Ya tsaya shan isansi, da ya danna maɓallin tayarwa sai ya ji ƙas-ƙas kawai, fitilu suka dushe.

Da irin baburan ƴan kabu-kabu ne, da ya taka da ƙafa ya wuce. Manyan baburan doguwar tafiya kuwa yawancinsu ba su da abin takawa. Famfon da ke tura mai da wuta yake aiki, haka ma ƴar kwamfutar da ke auna wa inji rabonsa. In batir ya mutu, babur ya zama kaya.

Tsohon, wanda kowa a layin ke kira Baba, ya sa aka cire sirdi, ya ɗora na'urar awo a kan batir. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yakan nuna 12.6 ko fiye in ya huta. Wannan bai ma kai 12 ba, da aka sake danna maɓalli kuma sai lambar ta zube ƙasa. Mai babur ya ce shekararsa huɗu da shi. Baba ya ce ai ya yi ƙoƙari, don zafin ƙasar nan yana cin batir tun kafin lokacinsa.

Mutum uku ne a kan aikin, kowa da irin Hausarsa ta sana'a. Baba a Katsina ya koyi gyara yana saurayi, shi ya sa bakinsa ya saba da sifana da fulogi da fetur, kalmomin da suka shigo ta Ingilishi. Mai babur ɗan Yamai ne, kile da buji da isansi ya sani, waɗanda suka shigo ta Faransanci. Na ukun yaron shago ne mai shekara 15, wanda ya tsinci rabi a nan rabi a can, kamar yawancin yaran garin da iyakar Ɗan Isa ba ta yi masa nisa ba. Kalma guda ce ba su da saɓani a kanta, wato batir, domin harsunan aron biyu kusan suna ɗaya suke ba shi.

Baba ya juya yana neman tsumma. Mai babur, ganin rana tana yi, ya ce wa yaron: "Ɗauko kile dis, ka fara da mas." Yaron ya san kile dis, ita ce sifana mai lamba goma. Mas kuwa ya sha jin ta a bakin manya, bai taɓa sanin abin da take nufi ba, kuma ya ji kunyar tambaya a gaban baƙo. Sai ya ɗora sifana a kan kan batir da ya fi kusa da hannunsa, mai jar waya. Bai kai ga murɗawa ba Baba ya riƙe masa wuyan hannu.

Bai yi masa tsawa ba. Ya ce: "Kai yaro, dubi nan. Baƙa za ka fara kwancewa, kuma ita za ka ɗaure a ƙarshe." Ya nuna masa inda baƙar waya ta tafi ta maƙale a jikin ƙarfen babur. Ƙarfen gaba ɗaya haɗe yake da wannan ɓangaren batir. Muddin baƙa tana ɗaure, duk sifanar da ta taɓa ja ta kuma goga ƙarfe ta buɗe wa wuta gajeriyar hanya. Tartsatsi zai tashi, sifana ta yi zafin da zai ƙona hannu, batir ma yana iya fashewa. In an fara cire baƙa, hanyar ta yanke, sifana ta taɓa inda ta ga dama. Kuɗin wannan babur ya fi duk abin da ke cikin rumfar, kuma da wani abu ya ƙone, sunan Baba ne zai ɓaci a layin, yaron kuma wataƙila ranar ce ta ƙarshe gare shi a shagon.

Yaron ya kwance baƙa, ya kauda ta gefe, ya kwance ja, ya ciro batir. Baba ya aike shi kasuwa da tsohon a hannu, ya ce kada ya yarda da maganar bolt 12 kaɗai. Ya duba lambar da ake rubutawa da Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batir ke ajiyewa: wannan 14 gare shi, na ƙananan babura kuwa 5 zuwa 7. Ya gwada tsawo da faɗi, ya kuma tabbatar kan ja yana ɓangaren da yake a tsohon, don wayoyin gajeru ne, ba za su tsallaka ba. Sai a shago na uku ya samu.

A wajen sakawa aka juya tsarin. Ja ta fara, baƙa ta rufe. Baba ya goge kawunan, ya shafa musu ɗan giris. Babur ya tashi a dannawar farko. Mai shi ya kai hannu aljihu, Baba ya ce: "Dakata, ɗana." Ya sake ɗora na'ura inji yana aiki, ta nuna 14 da ɗan wani abu, alamar babur yana mayar wa batir wuta. Da lambar ta tsaya a 12, da sabon ma ya iya mutuwa a hanya, cikin dare, nesa da kowane mai gyara.

Ɗalibin ilimin harshe da ya zauna a irin wannan rumfa zai cika littafinsa da misalai. Zai ga yadda Hausa ke raba baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon kalma ta saka wasali, har aka sami kile da sifana. Zai ga p ta koma f a fulogi, v ta koma b a turnabis. Zai ga makaniki ya zama bakanike, jam'i kanikawa, bisa awon Bakatsine da Katsinawa. Duk wannan gaskiya ne, amma jerin kalmomin aro yana nuna yadda ake furta su ne kawai, ba ya nuna wanda ya san abin da suke nufi. Mas ta zauna daram a bakin yaron, ma'anarta ba ta iso shi ba. Da Baba ya so ya kai ilimin inda ake bukatarsa, sai ya ajiye sunayen aro ya koma ga ja da baƙa, kwance da ɗaure, farko da ƙarshe. Sunayen kayan aiki sun zo tare da kayan, amma aikatau da jerin aikin na gida ne, kuma da su ake koyar da yaro.

Bayan la'asar mai babur ya yi godiya, ya kama hanyar Tasawa. Yaron yana tattara sifanoni ya ce: "Baba, mene ne mas?" Tsohon ya ƙwanƙwasa ƙarfen wani babur da ke jiran gyara, ya ce: "Ga shi nan. Gobe in ba ka gane kalma ba, tambaya kafin ka ɗora hannu."