Ƙungiyar Masu Jinyar Tsohuwar Land Rover

Duk wanda ya haura shekara sittin a ƙasar nan ba sai an kwatanta masa Land Rover ba, wadda mu muka fi sani da Landiroba. Ita ce motar Di'o da ta En'e, ita ce ta malaman dabbobi masu zuwa yi wa shanu allura, ita ce kuma ta 'yan sanda da asibitocin karkara. In damina ta kankama, hanya ta yanke, to ita kaɗai ake sauraron ƙararta daga nesa. Yau kuwa sai dai ka gan ta a bayan gidan wani tsohon ma'aikaci, tayu sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar direba.

To, irin waɗannan ne muke tsintowa muna jinya. Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar da na shiga a nan Kaduna, muna haɗuwa duk Asabar da hantsi a garejin wani dattijon bakanike da kowa ke ce wa Baba. Akwai mai ritaya irina, akwai ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta, da samari biyu da ko lasin ba su yi ba. Sharaɗin shiga ba wuya: ka biya kuɗin wata, ka zo da kayan da ba ka jin ƙyashin baƙin mai ya ɓata su, sannan duk girmanka a waje ka ajiye shi a bakin ƙofa, don a ciki Baba ne mai magana. Na ga mutumin da ya yi darekta a ma'aikata yana kwance a ƙarƙashin mota, Baba na ce masa, "Haba Alhaji, ba wannan sifanar ba, ta inci na ce maka!" Shi kuwa sai, "To Baba, a yi haƙuri."

Ya kai mai karatu, na san abin da za ka ce, don an sha faɗa mini. Wai a wannan marra ta tsadar abinci da fetur, mutum da hankalinsa zai zuba kuɗi a kan gwangwani. Uwargidana ma ta raɗa wa tawa suna Amarya, ta ce ita ce mai cinye cefanen gida. Ban ga laifinta ba. Amma bari ka ji yadda motar take tukuna.

An fara fito da ita a Ingila cikin 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci a can. Shi ya sa aka yi bodinta da alminiyam, aka bar ƙarfe ga shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba. Tawa samfurin Series III ce, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, doguwar, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, da injin fetur lita biyu da kwata. Har a Ibadan an haɗa irinta a wancan zamani. Ba kwamfuta a cikinta, ba wata waya da ido ba zai iya binta daga farko har ƙarshe ba. Kusa da giya akwai sanduna biyu, mai rawayan kai da mai jan kai. In ka danna rawaya ƙasa, tayu huɗu duk sun kama aiki. In ka ja mai jan kai baya, ta shiga giyar ƙarfi, sai ta riƙa tafiya kamar hawainiya, amma ba tudu ko taɓon da zai gagare ta.

Wannan alminiyam da ya hana bodinta tsatsa, shi ne kuma ajalinta a yanzu. 'Yan gwangwan sun san darajarsa a kan sikeli. Magada kuwa, in uba ya rasu ya bar ta a tsakar gida, ba abin da suke gani sai tarkacen da ya tare wuri. Yini ɗaya ya isa a daddatsa ta, a narke, ta koma tukwane da ludaya irin waɗanda ake ƙerawa a Panteka. Ban ce masu tukwane sun yi laifi ba, sana'arsu suke yi. Sai dai motar da aka narke ba ta dawowa, kuma kamfanin ya rufe ƙera ko da jikanyarta, tsohuwar Defender, tun watan Janairun 2016. Saboda haka rabin aikin ƙungiyarmu tsere ne da sikeli. Da an ji labarin wata a Zariya ko Kafanchan, sai a yi karo-karo a je a yi ciniki kafin a riga mu.

Ɗaya rabin kuwa tsere ne da shekarun Baba. Mutumin nan bai yi boko ba, amma in ya kara dogon sukundireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙotar, zai gaya maka abin da ke ciwo a ciki. Shi ya nuna mini cewa farin garin da ke fitowa inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe cuta ce mai cin bodi a hankali. Shi ya koya mini bubbuga shasi da guduma don jin inda tsatsa ta cinye ta ciki alhali waje lafiya lau. Ƙwallon ƙarfen nan da ke bayan tayar gaba kuwa, ya ce in ka ga yana naso kada hankalinka ya tashi, ranar da ya daina naso ita ce ranar dubawa, don wataƙila man ne ya ƙare. Yaran garejin yanzu sun fi gane motar da ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonta, kuma da gaskiyarsu, can abinci yake. Shi ya sa muka yanke cewa daga kuɗin wata za a riƙa ba samarin nan biyu na mota da na abinci, muddin za su zauna gaban Baba.

Ba kullum ake shan inuwa ɗaya ba. Gardamar da ta fi zafi ita ce ta asali. Wasunmu sun ga yadda ƙungiyoyin Ingila ke yi a intanet, inda ake mai da mota kamar ranar da ta fito daga kamfani, har kalar fenti da kan kusa. Su a wurinsu duk wanda ya sa wa Land Rover injin wata mota ya ɓata ta. Ni ban bi su ba. A tsaunin Mambila, wajen Gembu, har yanzu tsofaffin Land Rover na ɗaukar mutane da buhuna a hanyoyin da ƙaramar mota ba ta isa ta bi ba, kuma direban can ba ruwansa da asali, abin da zai kai shi kasuwa ya dawo shi ne nasa. Mu da su kayan gyara ɗaya muke nema. In muka bi 'yan tsirarun giyoyi da aksul ɗin da suka rage muka saye don mu yi ado ranar Asabar, mun tsadantar da su ga mai neman abin da zai ci. Da ƙyar aka amince cewa duk abin da muke da biyunsa, in direban haya ya zo nema, a sayar masa yadda aka saya. Mutum biyu ba su ji daɗin wannan ba, ɗaya ma ya yi wata uku bai leƙo ba.

Tawa dai shekararta biyu ke nan a kan duwatsu. An yi wa shasi walda, an wanke kafireto, an sake sifirin na baya, inji ya tashi a bugu na uku har maƙwabta suka fito kallo. Saura giya ta biyu da ke fita da kanta in an saki totur a gangara. Baba ya ce a sauke akwatin giyar gaba ɗaya Asabar mai zuwa, kuma ya ce ƙaramin cikin samarin nan ne zai buɗe shi, shi zai zauna a kan benci yana kallo.