Friendship, Ƙauyen Da Ake Zaɓen Bindigar Toka Don Farautar Kurege

A kudu maso gabashin Jihar Indiyana ta ƙasar Amurka, cikin wani kwari da tuddai masu duhuwar itatuwa suka kewaye, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Friendship, watau Zumunci ke nan da Hausa. Ƙauyen yana cikin gundumar Ripley, a bakin wani rafi mai suna Laughery, kuma daga birnin Sinsinati na Jihar Ohayo tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai a mota, in an fuskanci yamma. A yawancin kwanakin shekara matafiyi zai iya ratsa shi bai ankara ba, saboda ƙanƙantarsa. Amma sau biyu a shekara, cikin watan Yuni da cikin watan Satumba, sai kwarin ya cika ya batse da dubban mutane, tantuna su rufe fili, farin hayaƙin albarushi ya turnuƙe, ƙarar bindiga tana tashi tun da hantsi har la'asar sakaliya.

Dalili kuwa shi ne, a nan ne hedkwatar ƙungiyar masu harbi da bindigar toka ta ƙasar Amurka take, wadda ake taƙaita sunanta da NMLRA. An kafa ta a shekarar 1933, lokacin da irin wannan bindiga ta kusa ɓacewa daga hannun jama'a. Tana da babban filin harbi a gefen ƙauyen, wanda aka sa wa sunan Walter Cline, ɗaya daga cikin magabatanta, tana kuma buga mujalla mai suna Muzzle Blasts. Bindigar da suke riƙo da ita ita ce wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sa'an nan a sāke ɗuri. Mai karatu ya san 'yar'uwarta a hannun maharban ƙasar Hausa, wadda wasu ke yi wa laƙabi da harba-ruga. Bambancinsu yana cikin bututu. Ta maharban Hausa cikinta sumul yake, ta Amurka kuwa yawanci an yi mata tsagi mai murɗawa daga gindi har baki, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi sak inda aka auna.

Cikin masu zuwa wannan taro akwai 'yan gasa, akwai 'yan kallo, akwai kuma waɗanda abin da ya kawo su shi ne neman bindigar farautar kurege. Kuregen nan ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai shiga rami. A kan itace yake zaune, yana cin 'ya'yan itatuwan daji, musamman na wani itace da ake kira hikori, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo. Iri biyu ake farauta a Indiyana, da mai ruwan toka wanda nauyinsa ya kai kamar rabin kilo, da wani ja-ja wanda yakan doshi kilo guda. Doka ta buɗe farautarsu daga 15 ga Agusta zuwa 31 ga Janairu, mai lasin kuma ba ya wuce biyar a yini. Taron watan Satumba ke nan yana faɗowa daidai lokacin da 'ya'yan hikori suka nuna, kurege ya yi ƙiba.

Kada mai karatu ya raina wannan 'yar dabba, gama tana da gurbi a tarihin yankin. A shekarar 1807 kurege ya addabi gonakin masara a Jihar Ohayo har majalisa ta kafa doka cewa kowane mai biyan haraji ya haɗa da fatun kan kurege, daga 10 zuwa 100, gwargwadon yadda hukumar garinsa ta yanka. A watan Satumba na 1862 kuma, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, rundunar Kudu ta doso Sinsinati ta cikin Jihar Kentaki. Gwamnan Ohayo, David Tod, ya yi shela, sai mutanen karkara fiye da 15,000 suka kwararo birnin, da yawansu riƙe da bindigoginsu na gida. Har yau sunan da tarihi ya san su da shi ke nan, Maharban Kurege. Ita kanta doguwar bindigar, maƙeran Jamus da suka zauna a Jihar Fensilfeniya ne suka fara ƙera ta a ƙarni na 18, daga can ta bi masu ƙaura zuwa Kentaki da Tenesi da Ohayo. Da manyan namun daji suka yi ƙaranci a waɗannan wurare, sai maƙera suka riƙa rage faɗin bututunta don ta dace da ƙananan dabbobi.

Wanda ya shiga kasuwar taron zai tarar da rumfuna jere reras, ana sayar da bututu da ƙota da ƙahon zuba albarushi da ƙanƙarar ƙyasta wuta da abin zubin harsashi. Akwai zaure na musamman inda maƙera ke baje aikin hannunsu. Can gefe guda kuma akwai sansanin masu kwaikwayon zaman mutanen da, sanye da rigunan fata, suna girki da itace, suna gasar jifa da wuƙa da gatari. A cikin wannan kasuwa mai neman bindigar kurege zai yanke shawara a kan abubuwa huɗu.

Na farko, wanda ya fi kowanne jawo gardama, shi ne faɗin ramin bututu. Ana auna shi da kashi ɗari na inci. Bindigar barewa takan zama lamba 50, watau rabin inci, harsashinta na dalma kuma ya haura giram 11. In aka harbi kurege da wannan, ba abin da zai saura na sa wa a tukunya. Saboda haka zaɓin maharbin kurege yana tsakanin lamba 32 da 36 da 40.

Lamba 32 ita ce ta asali a wannan sana'a. Faɗinta kimanin milimita 8 ne, harsashinta kuma ɗan dunƙule ne mai nauyin kamar giram 3. Fam ɗaya na dalma yana ba da irinsa wajen 150, alhali kuwa na lamba 50 bai wuce 40 ba. Fam ɗaya na albarushi kuma yana isa harbi fiye da 200. Ga talakan kan tudu na zamanin da, wanda sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami dalma, wannan tsimi shi ne ribar bindigar. Ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa, ba ta ɓata nama. Amma tana da nata aibu. Tokar albarushi tana saurin cushe siririn bututunta, har ɗuri ya yi wuya in ba a goge ba bayan 'yan harbe-harbe. Sandar ɗurinta siririya ce, tana iya karyewa a hannun mai garaje. Iska mai ƙarfi tana kautar da harsashinta, da sanyin hunturu kuma yatsu sukan kasa riƙe shi.

Lamba 36 ta ɗan fi ta jiki. Harsashinta ya haura giram 4, ya fi jure iska, ya fi daɗin riƙo, kuma yana iya kayar da zomo da dabbobin da suka ɗara kurege girma. Shi ya sa da yawa ke ɗaukarta a matsayin tsaka-tsaki. Lamba 40 kuwa, mai harsashin kamar giram 6, 'yan gasa suna sonta saboda daidaiton harbinta, sai dai ga kurege dole a rage mata albarushi, a kuma auna kai kawai. Daɗin daɗawa, dokokin jihohi sun sha bamban a kan lambar da aka yarda a yi kowace farauta da ita, don haka mai hankali yakan duba dokar jiharsa tun kuɗinsa na aljihu.

Abu na biyu shi ne yadda wuta ke kama albarushi. Akwai mai ƙanƙara, wadda in an ja kunama sai dutsen ya daki ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kasko mai garin albarushi, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga bututu. Akwai kuma mai hula, wadda ta yaɗu daga wajen shekarun 1820, inda 'yar guduma ke dukan wata 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Mai hula ta fi sauƙi ga sabon shiga, ta kuma fi jure raɓa da yayyafi. Mai ƙanƙara tana bukatar a san gyaran dutse, a kiyaye kasko daga laima, a kuma iya tsayar da hannu sa'ad da wuta ta yi walƙiya dab da ido. Masu sonta suna da hujjarsu, cewa muddin akwai dutse da albarushi ba ruwansu da jiran hular kanti, wadda takan yi wuyar samu.

Na uku shi ne tsawon bututu da nauyinsa. Na gargajiya yakan kai inci 36 zuwa 42, tsagin cikinsa kuma sau da yawa yana kammala juyi ɗaya a cikin inci 48. Dogon bututu yana nisanta saitin gaba da na baya, abin da ke taimakon ido, amma in ƙarfensa ya yi kauri ga rami ƙarami, sai bindiga ta yi nauyin baki, hannu ya gaji wajen ɗaga ta sama. Yawancinsu suna da kunama biyu, ta baya tana ɗana ta gaba, yadda ɗan taɓi kaɗan ya isa.

Na huɗu shi ne aljihu. Akwai bindigogin kamfani da ake shigowa da su daga Italiya da Sifen, su ne masu rangwame. Akwai waɗanda ake sayarwa a warwatse, mutum ya je gida ya haɗa, ya goge ƙota, ya shafa mata mai. Akwai kuma aikin maƙeri na hannu, wanda akan jira watanni ko fiye kafin a karɓa. Maƙeran tuddan Tenesi sun shahara da wata iri marar ado, mai kayan baƙin ƙarfe, wadda ake yi wa kirari da bindigar talaka, kuma ba ta gaza mai adon tagulla a wajen harbi ba. In tsohuwa ce za a saya, sai an haska cikin bututu, domin tokar albarushi tana jan laima, bindigar da aka kwana ba a wanke ta ba kuwa tsatsa ta riga ta fara cin tsaginta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kan kurege bai fi lemun tsami girma ba, kuma daga yadi 25 zuwa 30 ake harbinsa. Don haka mai sabuwar bindiga yakan nufi filin harbi, ya yi ta canza ma'aunin albarushi da kaurin ƙyallen da ake naɗe harsashi da shi, har ya ga harbinsa yana taruwa wuri ɗaya. A nan ne kuma ake koya masa ƙa'idodin da ba a wasa da su. Ba a zuba albarushi daga ƙaho kai tsaye cikin bututu, sai ta ma'auni, don kada ragowar tartsatsi ya tayar da ƙahon a hannu. Ba a barin sarari tsakanin harsashi da albarushi. Ba a kusantar garin harsashin zamani, gama yana iya fasa bututu. Kuma tun da sama ake harbi, sai an tabbata akwai gangar itace a bayan kuregen da za ta tare harsashi.

Masanin tsuntsaye John James Audubon ya rubuta cewa ya ga shahararren maharbi Daniel Boone yana harbin ɓawon reshen da kurege ke kwance a kai, girgizar ta kashe shi ya faɗo ba rauni a jikinsa. Masana tarihi suna shakkar ko mutanen biyu sun yi wannan farauta tare, amma labarin ya nuna abin da maharban yankin ke ɗauka gwaninta, watau harsashi ɗaya, nama cikakke.

Da asuba, bayan an watse daga hirar sansani, maharbi yakan shiga daji ya zauna a gindin hikori, ya kasa kunne. Abin da yake jira shi ne ƙarar ɓawo yana zubowa kan ganye kamar yayyafi, alamar kurege na karin kumallo a sama. Yana iya shafe rabin awa bai ga ko wutsiya ba. In ya harba ya kuskure, kafin ya auna albarushi, ya naɗe harsashi, ya danna, minti guda ya wuce, kurege kuwa ya daɗe da shigewa kogo. A kantunan Amurka akwai bindigogin zamani masu araha da ke harbi goma a jere, mutanen Friendship kuma sun san da su sarai. Sun zaɓi wadda ke tilasta wa mai ita ya matso kusa, ya natsu, ya ƙyale harbin da bai tabbata da shi ba. In ya dace, da rana za a soya naman, ko a dafa shi cikin romo da kayan lambu irin na mutanen Kentaki. In bai dace ba, zai koma ya wanke bututunsa da ruwa, ya busar, ya shafa mai, ya jingine ta sai wata asubar.