Injin Cika Harsashi da Bindigar Toka: Abin da Sauri Yake Ɓoyewa

A ƙasar Amurka akwai mutanen da ba kasafai suke sayen harsashi a kanti ba. Sukan tara kwanson da suka harba, su wanke shi, su zauna a garejin gidansu su sake cika shi. Masu yawan harbi a cikinsu sun fi son wata na'ura da zan kira injin cikawa mai zagaye, irin wanda kamfanin Dillon na jihar Arizona da kamfanin Hornady na Nebraska suke ƙerawa. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda duk wanda ba a haramta wa riƙe makami ba ya cika harsashi don amfanin kansa, sai idan zai sayar ne take neman lasisi.

Injin yana da faifai mai gurabe huɗu ko biyar, kowanne ɗauke da kwanso ɗaya. Duk lokacin da aka ja hannunsa, ayyuka da yawa ne suke gudana tare: ana gyara wannan kwanso, ana zuba wa wancan albarushi, ana ɗora wa na gaba kai, ana matse bakin na ƙarshe. Sai faifan ya juya, cikakken harsashi ya faɗo. A awa guda mutum ɗaya yakan fitar da ɗaruruwa. Wanda ya ga yadda matsar rake a ƙasar Makarfi ta tashi daga kan doki ta koma kan inji zai gane irin canjin da nake nufi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani bidiyon wannan inji da aka tura a zauren WhatsApp na 'yan asalin yankinmu, mu da muka fito daga Ikara da Makarfi da Kudan muka watsu a birane. Wanda ya turo shi ya rubuta cewa irinsa ya kamata mu haɗa kuɗi mu saya wa maharbanmu. Mutane da dama suka yi na'am, cikinsu har da injiniyoyi da malaman jami'a. Ni ban yi ba, kuma ina son in faɗi dalili.

Bari mu fara da abin da yake hannun maharbin namu. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura toshiya, a sa abin harbi, a danna da sanda. Harbi ɗaya take yi, sannan a koma farko, shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, saboda fatakensu da suka yi cinikinta a gaɓar Gana tun zamanin da suke riƙe da ganuwar Christiansborg a Akara. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Ita ce 'yan bindigar Sarkin Zazzau suke bugawa a hawan Sallah, ita ce kuma manomi yake rataya idan an kawar da amfanin gona rani ya shigo.

Na tashi cikin dangin da suke fita farauta, kuma abin da na lura da shi shi ne jinkirin wannan bindiga yana yin wani aiki da ba mu cika yaba masa ba. Mutumin da zai ɓata lokaci kafin ya sake ɗuri ba ya harbi da ka. Ya san harbi nawa ya yi a yini, ya san abin da ya auna. Idan ƙara ta tashi a bayan gari, kafin la'asar Sarkin Baka ya san mai ita. Kowane harbi yana da ubangida da za a tambaya.

Shi kuwa injin Amurkawa, abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne tarin awo da yake tsaye a bayansa. Tun 1926 masu ƙera makamai na ƙasar suka kafa ƙungiyar SAAMI, wadda take tsayar da girman kowane irin harsashi da iyakar ƙarfin da bindiga za ta ɗauka. Masu sayar da albarushi suna buga littattafan awo bayan gwaji. Mai cikawa yana da sikelin da yake raba giram ɗaya fiye da kashi 15. Duk da haka akan yi kuskure: kwanso ya sami zubi biyu ya fasa bindiga, ko ya wuce babu zubi kan harsashi ya maƙale a hanci, na bayansa ya zo ya tarar da shi. A aikin hannu kuskure ɗaya ne. A aikin inji, kuskuren safe yakan bi duk abin da aka cika har yamma. Ga kuma wani haɗari da ya shafe mu kai tsaye: albarushin zamani ya fi na toka ƙarfi nesa ba kusa ba, ƙarfen maƙerin ƙauye ba zai iya riƙe shi ba. Na san dattawa a ƙauyukanmu da yatsunsu ba su cika goma ba saboda hancin bindiga ya tsage a hannunsu.

Sai batun doka. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa; na riƙon kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba wa lasisi; sai masu ɗuri ta baki, waɗanda suke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma keɓe ƙera harsashi da haɗa shi ga ma'ajiyar makamai ta hukuma. Don wannan aiki aka kafa masana'antar DICON a Kakuri cikin Kaduna a 1964. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ita ma ta haɗa da harsasai. Saboda haka wanda ya girka wannan inji a zaurensa a Hunkuyi ya aikata babban laifi, komai kyan niyyarsa.

Ban raina kukan masu son injin ba. Giwa ba ta da nisa da Kudan, kuma kowa ya san abin da mutanenta da na Birnin Gwari suka gani a hannun 'yan bindigar daji. Ɓarawo yana riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30, ɗan banga yana riƙe da mai harbi ɗaya. An kuma ga rawar da maharba suka taka wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram a Nuwamban 2014. Wanda ya ce a ƙarfafa hannunsu ba mahaukaci ba ne.

Sai dai a duba abin da yake ciyar da fitinar. Bindiga takan shekara da shekaru tana aiki, harsashi kuwa ƙarewa yake yi, shi ya sa ɗan bindigar daji kullum yake cigiyar mai kawo masa. Harsashin masana'anta yana ɗauke da tambari a gindinsa da zai taimaka a bi sawunsa. Wanda aka sake cikawa a ɗaki tambarinsa ba ya faɗin wanda ya cika shi. Ranar da labari ya fita cewa akwai gidan da ake fitar da ɗaruruwa a awa, gidan ya zama abin hari, ko kuma ya zama kasuwa. Inji ba ya tambayar hannun wa ke jan sa.

Akwai kuma darasin Uromi. A watan Maris na 2025, aka tare matafiya 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe mutum 16. Ba ƙarancin harsashi ya ci su ba. An rasa wanda zai tsaya ya yarda cewa maharba ne. Abin da maharbin Hausa ya fi buƙata yau shi ne shaidar da za ta bambanta shi da ɓarawo a idon hukuma da idon baƙin gari.

A nan kuɗinmu da iliminmu za su yi amfani. Lauyoyin cikinmu za su iya zama da Sarakunan Baka da dagatai da hakimai a buɗe rajistar maharba a kowace gunduma, da hoto da sunan mai tsaya wa mutum. Za mu iya neman a sauƙaƙa karɓar lasisin bindigar toka ta ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma, maimakon talaka ya yi ta sintiri zuwa Kaduna. Waɗanda aikinsu gadin gari ne a shigar da su rundunar sa-kai ta jiha, wadda ta ɗauki mutum 7,000 a 2023, inda akwai shugaban da zai amsa tambaya idan an yi ɓarna. Wannan hanya tana da jinkiri, ba ta kuma da bidiyon da zai burge kowa. Amma idan aka bi ta, matashin Kudan da ya rataya bindigar kakansa ya shiga mota zai sami abin da zai nuna a shingen hanya, ya kuma dawo gida da ransa.