Gindin Bangon Ɗakin Inna

Sa'ad da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina gidanmu na ƙasa a Tumfure, gonaki ne kewaye da shi, ruwan sama kuwa ƙasa ke shanyewa. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gidajen bulo suka cika unguwar, ruwa ya rasa mashiga sai gindin bangonmu.

Bara, cikin Agusta, na tarar bangon ɗakin Inna ya tsage, har yatsana na shiga. Na yi niyyar shafe wurin da siminti, wani dattijon magini ya hana ni. Ya ce siminti a jikin ƙasa danshi yake ɓoyewa, bango na ruɓewa ta ciki. Muka jira kaka. Ya tokare azara, ya riƙa tone harsashin kamu biyu-biyu yana cikawa da dutse, ba ya taɓa na gaba sai na baya ya bushe. Sa'an nan ya ja lambatu daga ƙarƙashin indararo zuwa waje.

Inna dai ta ƙi barin ɗakinta ko na dare ɗaya. Mako uku na yi ina kwana a bakin ƙofarta, kunnena na kan bango.