Ɗakin da na saya da kuɗin adashena

'Yar'uwa, idan kin taɓa kwasar adashi kika yi abin da kowa ya ce wauta ce, to matso kusa, labarinmu ɗaya.

Shekararmu tara a Ingila, a wani gari kusa da Manchesta. Hutun bazara na makaranta a nan mako shida ne, kuma tikitin jirgi zuwa gida na mutum biyar ba abin da za mu iya duk shekara ba ne. Haka yara ke ƙare hutun a falo. Babban, wanda kin san ba zan faɗi sunansa ba, ya kai sha huɗu ya koma zaman ɗaki da waya. Duk abin da na tambaye shi, amsar ba ta wuce "lafiya lau, Umma."

Ana haka na ga talla a Facebook: ɗakin tafi-da-gidanka, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya a ja, a nan suna ce masa karaban. Ƙirar 1998, mai cin mutum biyar, fam 900. Da muka je gani, ni gadajen na duba, da ɗan murhun gas, da sabon fentin da ke ƙyalli. Abban yara ya ce, "Kin dai san araha ba ta ado." Na ce kuɗina ne. Bai ƙara magana ba, ya ɗaura ya ja mana har ƙofar gida.

Ruwan farko ne ya tona asiri. Na shiga da safe, warin fumfuna ya tare ni. Na danna bangon ƙarƙashin tagar gaba, yatsana ya lotsa kamar a burodin da aka tsoma a shayi. Ashe irin waɗannan tsofaffin ɗakuna, fatar waje alminiyam ce, ciki siririn katako, tsakani kuma sandunan katako ne ke riƙe da komai. Gam ɗin da ya like bakin tagogi da ɗinkin rufi yana bushewa da shekaru ya tsage. Ruwa ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, katako ya ruɓe, fenti yana rufa masa asiri.

Na sayi ɗan abin awon danshi mai tsinke biyu. Ƙasa da kashi 15 lafiya ne, idan ya haura 20 sai a bincika. Namu a wannan lungun ya wuce 40. Mai gyaran da na kira ya yanka mini kuɗin da ya fi na sayen. Ranar na zauna a ciki na yi kuka na ƙoshi. Me zan ce wa matan adashi? Me zan ce wa maigida?

A nan babban ya same ni, wayar tasa a hannu. Ya ce, "Umma, na ga yadda ake yi. Amma sai mun fara gano inda ruwan ke shiga." Nan take na tuna kakata a Zariya. Kafin damina, yaɓen soro da gyaran indararo take fara sa a yi, farar ƙasa sai daga baya. Ni kuwa labule nake ta tunani.

Haka muka bi. Muka ɗauki hoton komai kafin mu kwance, muka zuba kusoshin kowane waje a gwangwanin madara daban da rubutu a jiki. Muka cire tagar da ƙarfen gefen rufi, muka kankare tsohon gam tas, muka sa sabo irin na karaban wanda ba ya ƙagewa, domin ɗaki ne da ke girgiza a hanya. Sannan muka ɓare bangon ciki, muka yi ta yanke ruɓaɓɓen katako har muka kai ga mai ƙwari. Muka bar wajen a buɗe mako biyu da na'urar tsotse danshi. Wannan jiran ya fi komai wuya, amma idan kika rufe a kan jiƙaƙƙe, aikin banza kika yi. Sandar farko da na yanka ta gaza da ɗan yatsa guda. Daga ranar sai na auna sau biyu kafin na ɗauki zarto.

Abu uku ban taɓa ba, kuma ina roƙonki kada ki taɓa: gas, wutar lantarki, da birki. Waɗannan ƙwararre na biya. Na kuma maƙala ƙararrawar da ke jin gubar hayaƙin gas, wadda ba a gani kuma ba ta wari, ga shi ɗakin yarana za su kwana. Tayoyin ma sun so su yaudare ni, don zanensu bai cinye ba. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Namu 2311 ne, wato mako na 23 a 2011. Shawarar masana a nan ita ce a canza tayar karaban idan ta kai shekara 5, kada a bari ta wuce 7. Kuma ba a yi masa gwajin shekara-shekara na dole kamar mota, don haka amanar tana wuyanki.

Wata Asabar yana riƙe mini da katako ina shafa gam, idonsa a kan bango, sai na ji ya ce, "Umma, akwai wasu yara a makaranta." Na yi shiru, hannuna bai tsaya ba. A hankali ya zayyana mini yadda suka shafe watanni suna yi masa ba'a da sunansa, suna ture shi a layin abinci. Wata nawa ina zaunar da shi ina kallon ƙwayar idonsa ina tambaya, ban samu komai ba. Ashe sai hannunsa na aiki, ba wanda ya tsare shi da ido, bakinsa ke buɗewa. Ranar Litinin ni da babansa muna makarantar.

Wata huɗu muka ɗauka, da ƙarin kusan fam 700. Sai a ƙarshe na ciro kekena na ɗinka labule da atamfar da na daɗe ina ajiya. Abban yara da ya yi ta kallonmu daga nesa, shi ya kwanta a ƙasa ya goge tsatsar ƙarfen gindin, ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Tafiyarmu ta farko arewacin Wels muka yi, muna lallaɓawa, don mai jan karaban ba ya wuce mil 60 a awa ko a babbar hanya. Daren farko aka kece da ruwa. Na tashi da fitilar waya na lallaɓa lungun nan, na ɗora tafin hannuna. A bushe yake. Daga gadon sama na ji an ce, "Umma, ki kwanta, na riga na duba."

Na san ba lallai ki ga karaban a unguwarku ba. Amma akwai tsohuwar durowa, ko keken da ya yi shekara a jingine, ko ƙofar da ba ta rufuwa. Kafin ki kira kafinta, kira yaron nan mai yawan shiru, ki miƙa masa guduma. Ki riƙe ɗaya gefen, kada ki tambaye shi komai.